Tsohuwa Mai Kankarar Ƙanzo

Ni ne Ɗan'azumi, mai gyaran sanyi,
haifaffen Karantina, nan cikin Jidda.
Kakana da ƙafa ya taso daga Gumel,
shekara bakwai kafin ya ga teku.
Ni kuwa da sufana nake neman tuwo.

Wata Talata aka kira ni Abhur,
gidan Abu Mish'al mai jiragen ruwa.
Ƙofa uku, kowace da lambarta,
sai ga ɗaki ba taga, ba kujera,
ba kowa sai ita a jikin bango.

Tsohuwa ce a duƙe, da cokali,
tana kankarar gindin tukunya.
Ɗan haske ya sauka a wuyan hannunta,
sauran duk duhu, kamar madafin da hayaƙi ya cinye.
Wani Bature ya zana ta, in ji Dafalla mai gadi,
shekara ɗari uku ke nan,
ya mutu ana bin sa bashin haya.

Na ce, nawa?
Ya faɗa. Na ce, sake faɗi.
Riyal miliyan ɗari huɗu, ta waya.
Mai gida na tauna dabino ya ce a ƙara,
can a wani birni guduma ta sauka.
Na auna kuɗin da albashina,
lissafin ya wuce ni, ya wuce jikokina,
ya je ya zauna yana jiran tashin ƙiyama.

Aikina ɗaya: kada ta ji zafi.
Digiri ashirin, dare da rana,
kada gumin teku ya taɓa fatarta.
Tsohuwar da ba ta da itacen hura wuta,
yau inji biyu ke yi mata fifita,
na uku na jira ko ɗaya zai gaji.

Mai gida kan shigo in ya yi baƙi.
Ya tsaya ya ba ta baya,
ya fuskanci masu ɗaukar hoto.
Su ce masha Allah, su tambayi farashi,
ba mai tambayar me ke cikin tukunyar.
Ni na duba.
Na matsa har ƙararrawa ta yi kuka.
Ƙanzo ne, ɗan kaɗan a gefe guda,
ko yaye ba zai ƙosar ba.
Kuma ba ita za ta ci ba, na sani,
dubi yadda ta karkata kunne wajen ƙofa.

Haka Iya take yi muna yara,
in shinkafa ta ƙare kafin cikinmu ya cika,
ta ce ita ta ƙoshi tun a gidan aiki.

Daren da injin ya tsaya, tsakiyar Agusta,
ƙarfe biyu aka buga mini waya.
Na bar Iya kan tabarma
tana fifita da murfin kwali.
Fankarmu ta mutu kwana tara,
kullum ina cewa gobe.
Na tsohuwar bango, minti arba'in na tashe shi.
Abu Mish'al ya miƙo mini riyal ɗari biyar,
hannunsa na rawa kamar an ceto 'yarsa daga rijiya.
Ban raina ba. Na sayi fanka.

Bara aka sayar da ita, an ce da riba.
Mutum shida masu farar safar hannu
suka kwantar da ita cikin akwati,
sai wani sito a ƙasa mai dusar ƙanƙara,
inda ba mai ganin ta, har wanda ya saya.

Ɗakin na nan. Ba a ce in kashe sanyin ba.
Duk Talata nakan je in duba awo,
in tsaya gaban ƙusa biyu a bango
har tsikar jikina ta tashi.

Jiya na dawo bayan isha'i,
tun daga zaure na ji cokali a gindin tukunya.
Na tsaya bakin madafi ban yi sallama ba,
hasken kwan fitila a wuyan hannunta.
Na ce, Iya, kawo mu raba.
Ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, ci kai, na ƙoshi.