Wuyan Agwagwa

Tara ta gota a Lustenau,
injinan ƙasa duk sun yi tsit.
Reinhilde ce kaɗai a sama, ita da allon kwamfuta,
tana fama da wuyan agwagwar ruwa.

Ɗigo goma sha bakwai ta dasa masa
daga ƙirji zuwa baki,
ya fito da gargada
kamar hanyar da ruwa ya ci.

Ta kama hannun na shida ta ja,
na bakwai ya murguɗe.
Ta lallashi na bakwai,
na takwas ya ɗaga kafaɗa.
Gyaran gangar Auzinawa!
Shayi ya huce a kofi, ƙanƙara na lasar taga.

Kakanta Gebhard, da ya tsufa yana huda katin inji,
yakan ce zare matafiyi ne,
in ka yawaita masa zango
gurgunta zai koya.

Sai ta shiga gogewa.
Wannan ya tafi, wancan ya bi shi,
har saura uku:
ƙirji, gantsara, ƙeya.
Ta daidaita hannayensu a hankali,
layin ya sauke numfashi, ya kwanta.

Ta sauka ta ɗaure shuɗin ƙyalle,
allura ta yi ta sassarfa da farin zare.
Da ta tsaya, Reinhilde ta rufe ido
ta bi ɗinkin da ɗan yatsa,
don allo ya iya rufa asiri.

Sumul, sumul,
sai dab da baki
yatsan ya yi ɗan tuntuɓe.

Ta kunna fitilar bene.