Jaka Arba'in

Ban san sunan matar ba.
Yaron shagona, Ilu, shi ya kunno ta a waya,
ya jingina ta da gwangwanin gam,
ya tafi sayo mana ƙosai a bakin Mayo Kaliyawo.
Ni ina yankan fatar akuya,
takalma ƙafa shida da wani ɗan Garwa zai karɓa ran Litinin.

Da Fillanci take yi, molo ɗaya a bayanta.
Fillancina na ciniki ne,
na nawa-nawa da rage mini,
amma na tsinci abin da na tsinta:
wani ya zo ƙofa da dare,
ta ji sallamarsa, ta yi lamo kamar mai barci.
Sai ta ja muryar can, ta sake ta,
kamar gugan da igiyarsa ta tsinke,
kana jiran ka ji ya taɓa ruwa.

Wuƙa ta kauce. Na ɓata fata.

Barmo.
Shekara huɗu ban ɗaga murya da sunan nan ba.
Ciki ɗaya, shi ne babba.
Shi ya koya mini riƙon basilla,
shi ya saɓa ni a wuya muka haye mayon nan
shekarar da ruwa ya kai masa ƙirji.
Shi kuma ya ci mini jaka arba'in,
kuɗin fatun da na ba shi ya kai Kusuri.
Ya dawo da labari, aljihu wayam.
Na yi rantsuwa a gaban Inna,
ita tana share ido da bakin zane,
ni ina jin daɗin kaifin harshena.

Sau uku ya kira, daren wata Laraba, tsakiyar damina.
Idona biyu. Wayar na kan tabarma
tana haske tana karkarwa
kamar buzuzun da ya faɗi rigingine.
Na ce bari shi ma ya ɗanɗana jira.
Da asuba, baƙuwar lamba,
wani Bashuwe mai karyayyiyar Hausa:
amai da gudawa,
mun kai shi asibiti,
mun kai shi makwanci.

Na zauna na karɓi gaisuwa kamar kowa.
Ya haƙuri? Da godiya.
Na raba waina ran uku, na raba ran bakwai,
na raba ran arba'in.
Arba'in kuma!
Ko a nan lissafin bai bar ni ba.
Hawaye dai ko ɗigo.
Har aka riƙa misali da ni a Marwa,
wai ga namijin duniya.

Yau ga wata da ba ta san ni ba,
ba ta san Barmo ba,
wataƙila ma kuɗi aka biya ta ta yi baƙin cikin,
ta zo ta zauna kan kujerar masu gwada takalmi
ta faɗi abin da na yi, tiryan-tiryan,
da harshen da rabinsa kawai nake ji.
Rabin da ban ji ba
shi ya fi yanka.

Me zai ce mini a daren?
Ga kuɗinka? Zo ka ɗauke ni? Ka yafe?
Ko muryata kawai yake so,
yadda mai zazzaɓi kan so a ɗora masa hannu a goshi?

A waje babura na ta wucewa,
dalbejiya na zubar da 'ya'yanta kan kwanon shago,
tak,
tak.

Ilu ya shigo da ƙosai a takardar siminti.
Maigida, lafiya? In canza? Ai ta tsofaffi ce.
Na ce warin gam ne ya shiga mini ido.
Na ce mayar da ita farko.

Na juya fatar da na ɓata.
Ba ta isa ƙafar babba kuma,
sai dai ta yaro.
Barmo ya bar 'ya a Kusuri, Tasallah,
bana za ta yi shekara bakwai, ko takwas.
Na ɗauki alƙalami zan zana,
hannuna ya tsaya a sama.

Ban san girman ƙafarta ba.