Damben Da Ba a Yi Ba

A fadar Rabe, a Mokoyo, bayan isha'i,
wuta ta tafi, gawayi kaɗai ke ja,
buta na kuka kan murhun waya,
shayi na biyu ma bai nuna ba.

Lawali mai kabu-kabu shi ya tono ta:
"Da Tozo na Tibiri ya gamu da Tsinke,
turmi guda, wallahi, an tashi wasa.
Tozo in ya naɗe kara a dama,
ko garu ne a gabansa, bai tsira ba."

Nomau tela ya dire kofinsa:
"Kai da aka haifa bayan an binne shi!
Tsinke na Madarunfa bahago ne,
ruwan tabki, ka naushe shi ka jiƙe.
Ƙato nawa ya shimfiɗe a Bagalam
gumi ko ɗigo bai tsattsafo masa ba?"

"Nauyi!" in ji wannan. "Ƙafa!" in ji wancan.
Lawali ya ce kakansa mahauci
ya ga Tozo ya saɓa maraƙi a wuya
ya zaga mayanka da shi sau uku.
Nomau ya ce, "Ai maraƙin bai iya ramawa ba."

Rabe yana tsiyaya daga sama,
kumfa na hawa, ya ce, "Ni dai a gun mai tsire
tsinke nake gani yana shiga tozo,
tozo ya shiga tsinke, ban taɓa gani ba."

Jaka guda-guda suka zube kan tabarma,
aka ce ni in riƙe, ni ne marar ɓangare.
Wa zai raba? Sai yaron Rabe ya ce,
"Tsinken ai yana nan, gadi yake
a mangazar gyaɗa, bai mutu ba."

Muka bi rairayi da fitilar salula.
Ga tsoho kan buhu, rediyo a cinya,
hagun da ake faɗi ta bushe kamar rogo,
yatsun sun lanƙwashe, sun ƙi miƙewa.
Muka ba shi shayi, ya tallafa da hannu biyu,
duk da haka rawar kofin ba ta tsaya ba.

Ya ji tambaya, ya daɗe yana kurɓa.
"An sa mana rana, farkon kaka,
an yi shela har Gidan Runji.
Daren, sama ta ɓalle, gulbi ya kawo,
ya cinye mashigi, ban samu hayewa ba.

Na tsaya a gaɓa da karata a burgami,
mai kalanguna yana ta hawaye,
ni ma na rufe fuska da riga.
Ya ɗauka kuka ne. Dariya ce, yara.
Kwana uku kafin nan tuwo bai wuce wuyana ba.

Bayan shekara bakwai na je duba shi,
yana kwance, ƙaton ya koma ƙashi.
Ya kama hannun nan, ya ce, 'Tsinke,
ruwan nan fa ni na roƙe shi,
har ƙosai na yi sadaka.
Kada ka faɗa wa kowa.' Sai yau, ban faɗa ba."

Muka juyo shiru, takalma na cin ƙasa,
karnuka na haushi can wajen tasha.
Daidai kwanar kasuwa Lawali ya yi tari:
"Kun dai ji. Kwana uku bai ci tuwo ba."

"Naka har ƙosai ya raba!" in ji Nomau,
aka koma ɗanye, kan wa ya fi tsoro.
Damina biyu ke nan, jaka biyun nan
na ninke cikin aljihun rigata,
har yau ban san wanda zan ba ba.