Katako na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Orval ne ke wannan aiki.
Nawa in ɗora ruwan kofi,
in leƙa ta tagar motar da muka mayar gida,
in ga ƙeyarsa ta yi ja da rana,
yana durƙushe a tsakuwar Arizona
kamar mai neman allurar da ta faɗi.

Bana ni ce a durƙushe.

Na jawo mesa daga raminta a gindin mota,
ta fito tana miƙa, tana gurnani,
jiki duk zobe-zobe kamar maƙogwaro.
Taku goma sha biyar zuwa bakin kwata.
Na shimfiɗa ta a ƙasa, na karkaɗe hannu,
sai muryarsa ta taso mini daga bayan kunne:
"Marlys, kada ki bari ta yi ciki.
Ruwa ba ya hawan tudu don yana jin nauyinki.
Inda ta lotsa, nan komai zai zauna,
ya jira ranar tashi,
ya gaishe ki a kan takalmi."

To, na ji.

Ga indararo biyu da ya cire daga rufin gidanmu na Dakota
shekarar da ƙanƙara ta karya su.
Ga katakan da ya yanka da hannunsa,
kowane ya gaza ɗan'uwansa da faɗin yatsa,
ya rubuta musu lamba da fensir.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Biyar.

Na zazzage buhu. Na duba ƙarƙashin kujera.
Sai can na tuna:
na huɗu yana gida,
da shi na tokare ƙofar ɗakin kwana
a watan ƙarshe,
don in riƙa jin numfashinsa daga kicin.
Yana nan inda na bar shi, yana tsare ƙofar da ba kowa.

Delfino, maƙwabcina na fili mai lamba tara,
ya iso riƙe da wani abu na roba,
mai ƙafa barkatai kamar shanshani.
Ya ce, "Irin wannan ake yayi yanzu, ari nawa."
Na gode masa. Na yaba shanshanin.
Ya tsaya jim, ya dubi fensir a jikin katako,
ya sosa gemu, ya koma.

Na sa dutse, ya yi tsawo.
Na sa gwangwanin wake, ya mirgine.
Mesa ta sunkuya a tsakiya
kamar bayan tsohuwar goɗiya.
Rana ta karkata, gwiwata ta fara magana.

Takalminsa na aiki, ƙafar hagu,
wanda na kasa fitarwa daga mota,
shi na kwantar a gefensa, na tura ƙarƙashin indararo.
Ya shiga cif.
Na ɗora kwalbar ruwa a kwance yadda yake yi,
ƙwayar iska ta gudu wajen mota.
Gangare ya samu.

Safar hannu. Baƙin tanki tukuna,
na ruwan wanke-wanke daga baya, shi ke ɗauraye hanya.
Na ja marikin.
Mesa ta girgiza, ta yi gyatsa,
nauyin mako guda ya bi ta kan ɗaya, biyu, uku,
ya taka takalmi,
ya wuce.

Ba wanda ya tafa.
Delfino dai ya ɗaga mini kofinsa daga nesa.

Da asuba, kafin ruwan kofi,
na fita na ɗan ɗaga indararo,
na zaro takalmin, na kife shi, na bubbuga,
ko kunama ta kwana ciki.
Babu wanda zai sa ƙafa.
Na bubbuga duk da haka,
na mayar da shi bakin aikinsa.