Inuwar Haya

A Mai Wurno, bakin Nilu,
shekarar da dizal ya fi zuma tsada,
injin ban-ruwa ya yi gum da bakinsa.
Tumatirin Bashari ya ƙone a tsaye,
albasa ta ƙi yin kai.

Sai ya kai saniya kasuwa, har da ɗan maraƙinta,
ya dawo daga Sinnar da farantan sola goma sha biyu,
ya ɗora su kan dogayen ƙafafun ƙarfe,
fuska sama, kamar masu duban wata.

Ni na fara lura da ƙasansu.
Na je ɗaure akuya da azahar,
tafin ƙafata ya ji sanyi.
Ruwan wankin gilashi na ɗiga a jere,
rama ta tsiro ba wanda ya gayyace ta.

Na ce, Bashari, ba ni hayar inuwar nan.
Ya ce, Tasalla, yaushe rumfa ta zama gona?
Na watsa jarjir, na dasa barkono.
Kuɓewa ta yi tsawo ta ƙi haihuwa,
ita sai rana tsirara, na tumɓuke ta.
Jarjir kuwa, tulu ɗaya ya ishe shi
inda da yake shan uku yana kuka.

Ƙanena Nuraini yana Saudiyya,
gonarsu ɗaki ce, ba taga.
Ya ce latas hawa-hawa kamar gadon makarantar kwana,
fitilu ja da shuɗi ba sa runtsawa,
na'urar sanyi na huci dare da rana.
A waje rana na fasa dutse kyauta,
a ciki ana sayen ƙaramarta da awo.
Ya ce duk ganye da kuɗin wutarsa,
in takardar wata ta iso
mai gonar ba ya amsa sallama.

Ban yi masa dariya ba.
Nasa ganyen ba ya sanin fara,
nawa jiya ma tsutsa ta ci kunya guda.

Amma da hantsi, in famfo ya fara tari,
ruwa ya biyo kwalbati yana tura busasshen kara,
nakan sunkuya ƙarƙashin gilashi
in ji ranar da ta kashe mu bara
tana jan ruwa a samana.

Kuɗin haya dami biyu ne duk Juma'a.
Bashari ya ce baɗi uku.