Gwangwanin Labaran

Labaran na Ƙofar Marusa
ya sai da gyaɗar shekara uku,
ya sayo akwati mai ido ɗaya.
Aka ce ya taɓu.

Ya ɗauki marina da mahauta,
ya ɗauki Tanimu yana yasar rijiya.
Wata huɗu fim na Ikko wurin wanki,
kafin ya dawo Tanimu ya rasu.

Daren majigi aka kafa farin zane,
sai ga Tanimu yana dariya.
Matarsa ta miƙe cikin jama'a:
"Malam, ka ci abinci kuwa?"

Bashi ya cinye shago,
zafi ya narkar da saura.
Gwangwani ɗaya muka gada.
In na ɗaga zaren a rana
ba na ganin kakana, sai inuwarsa
a bakin rijiya, tana murza akwati.