Ɗan Dakon da Ya Ɗauki Sama

A bakin tashar jiragen Napoli ya tsince ni
ina sauke gangunan man zaitun.
Ya zagaya ni kamar mai tayin alfadari,
ya latsa kafaɗata, ya ce, "Karlini uku a yini."
Na ce, me zan ɗauka?
Ya ce, "Sama."

Ɗakinsa duhu, ya toshe tagogi da barguna,
sai kafa ɗaya can bisa
inda rana ke zubo wa mutum a wuya kamar ruwan zafi.
Ya ce in tuɓe, in durƙusa da gwiwa guda.
Yaronsa Tiberiyo ya aza mini kwando cike da tsumma.
"Sunanka Atlas," in ji maigidan.
"Ka ja da alloli, ka sha kaye,
aka yanke maka tallafar sama har abada."
Na ce, ashe shi ma ɗan dako ne,
sai dai ba a sallamarsa da yamma.

Kwandon ba nauyi, nan gizo ke saƙa.
Fuskata ta ƙi ba shi abin da yake nema.
Rana ta huɗu ya yi jifa da burushi,
ya sa aka zuba duwatsu.
Ko gezau. Na saba.
Sai ya tambayi mutanen gida,
na tuna Nunziyata, kwance tun tsinkar inabi,
tari na cin ta kamar gara,
ga kuɗin haya na wata biyar.
"Tsaya haka!" ya daka tsawa. "Kada ka motsa!"

Yau hoton yana gidan wani mai fataucin siliki.
Sau ɗaya na gan shi, ranar da na kai musu gawayi:
baƙin duhu, jan mayafi a ƙugu,
jijiyoyi a miƙe kamar igiyar jirgi,
taurarin zinariya inda kwandon yake.
Bai goge dattin farcena ba,
bai ɓoye tabon ƙugiya a haƙarƙarina ba.
Baƙi na tsaye da kofuna a hannu suna cewa,
dubi azabar wanda ya ja da alloli.

Ni na san abin da ke cikin idon nan.
Mun binne ta fentin bai gama bushewa ba.

Mai girki ta ce in zagaya ta ƙofar baya.
Na gyara zaman buhun a kafaɗa,
na zagaya.